Ganye da Dashen Baba Shu'ibu

Kafin masu ƙosai su hura wuta a bakin titi, Baba Shu'ibu ya riga ya jingine kekensa a katangar ƙaramin asibitin unguwarmu, can gefen Haɗeja ta wajen kogi. Daga masallaci yake wucewa, ko gida ba ya leƙawa. Zai cire rigarsa ya rataye a ƙusa, ya naɗe ƙafar wando, ya jawo baronsa mai kukan tsiya. Duk matar da ta taɓa kwana a ɗakin haihuwar nan ta san kukan baron, da ta ji shi ta san gari ya waye. Ban ruwa yake fara yi tun ƙasa na da sanyi, sannan ya ɗauki tsintsiya da manjagara.

Shararsa ma daban take. Tunda ya kama aikin nan ba wanda ya taɓa ganin hayaƙi ya tashi a harabar asibitin. Ganyen da ya share, rami yake kai shi a bayan ɗakin magani, ya zuba kashin awaki, ya yayyafa ruwa, ya rufe da ƙasa. In ka ce masa, "Baba, ƙyasta masa ashana mana ka huta," sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "To in na ƙone wa ƙasa abincinta, kai za ka ciyar da ita?" Kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa har manoma da masunta ke tsine mata, shi yankowa yake yi ya shanya, ya shimfiɗa a gindin bishiyoyi don kada rana ta shanye damshi. Ruwan alwalar masallacin asibitin ba ya tafiya a banza, ya yi masa 'yar hanya har gindin shuka. Tulun da ya tsage, wanda mata za su jefar, shi binne shi yake yi kusa da dashe ya cika da ruwa, ya bar shi yana tsattsafowa a hankali. Ledar ruwan da mutane suka sha suka yar kuwa, tsince ta yake yi ɗaya bayan ɗaya, a cikinta yake renon iri.

A bana wannan bawan Allah zai ajiye aiki. Gwiwoyi sun gaji, shekaru sun cika. Ba shi da ofis, ba shi da kujera, sunansa ba ya jikin kowane allo. Amma in ka ga mace mai ciki ta zo awo ta shimfiɗa gyalenta a inuwa tana shan iska, to hannunsa ne. Shi ya sa ya kamata a jinjina masa yanzu, yana raye, kunnensa na ji.

Waɗanda suka girme mu sun san yadda harabar take a da. Fili ne fetal, ƙasar laka, da rani ta tsattsage, da damina ta kama takalmi ta ƙi saki. Mata kan jeru a jikin bango suna bin 'yar siririyar inuwa, tana matsawa suna matsawa, har ta ƙare su zauna a rana. A haka aka ɗauki Shu'ibu aikin shara. Bafillace ne, iyayensa sun zauna a gari bayan shanu sun ƙare. Shi da bakinsa yake cewa yana yaro ba gawon da bai hau ba da adda, yana saro wa shanu ganye. Shara kawai aka ce ya yi. Shi kuwa ya dubi matan nan a rana, abin ya tsaya masa a rai, ya fara haƙa ramuka ba wanda ya sa shi. Darbejiya ya shuka, layi-layi, don ita ce mai saurin girma, ita ce kuma kowa ke shukawa.

Darbejiya ta kama, ta yi kai, inuwa ta fara sauka. Nan fa wata sabuwa ta ɓullo. Kowa ya san wankan jego ba ya yiwuwa sai da ganye, a tsoma a ruwan zafi a fyaɗa wa mai jego a jiki, safe da yamma, har a yi arba'in. Sista Rahmatu, shugabar asibitin, ta daɗe tana yaƙi da tafasasshen ruwa har ta samu ana sirka shi, amma ganye kam ba wanda ya isa ya raba tsofaffi da shi. Duk wadda aka sallama daga ɗakin haihuwa, sai tsofaffin gidansu sun bi ta kan bishiyoyin Shu'ibu. Ba tsinka suke yi ba, ɓalle reshe suke yi, su ja har ɓawon ya tsage zuwa gindi. Shugabar wannan runduna kuwa ita ce Ya Aisa, wata Babarbariya mai baki kamar reza, wadda rabin masu jegon unguwar ita ke yi musu wanka.

Ranar da ya kama ta ta rataya a reshe tana ja, muryarsa har bakin ƙofa.

"Ke, Ya Aisa! Saki reshen nan!"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Kai Fulata, da wa kake? Uwar ɗakinka kake yi wa tsawa? Ku da kuka gama da itatuwan dajin Allah kuna ba shanu, yau kai ne mai gadin ganye?"

"Ai shi ya sa na san yadda bishiya ke mutuwa. Ku Barebari ban da yashi me kuka sani?"

"Yashin ya fi ka kirki. Mai jego na jira, ruwa na hucewa."

Da wani ne, da ya sa ƙaya ya kewaye bishiyoyin, ya samu sanda ya tsaya. Shi ma ya gwada, bai yi ba, don tsofaffin nan ko soja ba sa tsoro. Sai ya zauna ya yi tunani, ya fito da dokarsa. Ba wadda za ta sake taɓa reshe. Shi zai hau da kansa ya yanko, daga inda ya san bishiyar za ta sake tofo, ya ɗaure ya miƙa. Amma duk wadda ta karɓi ganye, dole ta karɓi ɗan dashe a ledar ruwa, ta kai gida a shuka wa jaririn. "Ganye da dashe," in ji shi, "ba a raba su." Ya Aisa ta ce wannan mulkin mallaka ne, Bafillace ya samu wuri. Amma ita ta fara karɓa.

Ba duka suka shuka ba, kada a yi ƙarya. Wasu a bakin kwata suke yar da ledar, shi kuma ya bi ya tsince. Wasu akuya ta cinye. Amma wasu sun shuka, musamman da suka gane mutumin ba ya mantuwa. Mace za ta kawo yaro rigakafi, sai ta ji murya daga bayan baro: "Uwar Misbahu, yaya yaron? To, yaya bishiyarsa?" In ta yi murmushin kunya, sai ya ɗauko wata ledar ya miƙa mata. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har yaran da aka shuka wa bishiya suka fara kawo nasu matan awo.

Kai ne, Baba, ka mai da faɗa ya zama zumunci. Kai ne ka gane mai ɓalle reshe ba maƙiyin bishiya ba ne, mabuƙaci ne wanda ba a nuna wa hanya ba. Na Aisa, mai baro, uban inuwa!

Sai shekarar babban ruwa ta zo. Mu mutanen bakin kogi mun saba da ambaliya, amma wannan ta fi ƙarfin sabo. Kogi ya cika ya tumbatsa, ya haura jinga, ya shigo unguwa ya zauna kamar wanda aka gayyata. Aka kwashe asibitin zuwa wata makaranta a kan tudu. Ruwa ya kwanta a harabar sama da wata guda. Shu'ibu ya roƙi wani masunci ya kai shi a kwalekwale ya gani. Tun daga nesa ya hango kan bishiyoyin ya yi rawaya, ya ce wa masuncin su juya.

Da ruwa ya janye, darbejiya ko ɗaya ba ta tashi ba. Ita ba ta jure ruwa ya kwanta mata a gindi. Aikin fiye da rabin rayuwar mutum ya tsaya a bushe, aka sare aka yi itace da shi. Allah Sarki! Sunusi mai gadin asibitin ya ce ranar da ake saran, Baba bai taɓa gatari ba, ya zauna a kan baronsa ya juya baya. Abin da ya rage kore a wurin shi ne wata giyayya da 'yan bagaruwa da suka fito da kansu a bayan katanga, waɗanda ya daɗe yana cewa zai cire, sai kuma tushen jema, ciyawar nan mai dogon saiwa, da ya shuka a bakin kwata. Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Abin da ya ce wa Sunusi shi ne, "Laifina ne. Ƙasar fadama ce, na shuka mata itacen tudu. Ga nata nan ta nuna mini tun tuni, ban duba ba."

Mata suka koma bin inuwar bango. Laka ta dawo, har wata mai tsohon ciki ta zame ta faɗi, Allah Ya kiyaye ba abin da ya same ta. Kwamitin unguwa ya zauna, aka yanke shawarar a malale harabar gaba ɗaya da siminti. Ba mugunta ba ce, mutane sun gaji da taɓo. Shugaban kwamitin, Alhaji Abdulmannan, da kansa ya zo ya same shi.

"Baba, wallahi ba raina aikinka muka yi ba. Amma ka ga ruwan nan zai dawo, kai kuma ƙarfi ya fara ja baya."

"Alhaji, in kun malale, ruwan ina za shi? Gidajen maƙwabta. Da bazara kuma simintin zai gasa matan nan kamar gurasa. Ku ba ni rani ɗaya."

Alhaji ya dubi Sista Rahmatu, ita kuma ta ɗaga masa kai. Aka tsaya a kan magana ɗaya: in dashen da zai yi ya tsallake bazara da rai, an bar zancen siminti. In ya mutu, kafin ruwan farko ya sauka za a malale, ba kuma sauran shuka a wurin.

Tsoho ya sake ɗaukar shebur. Wannan karon bai yi gardama da ƙasa ba. Ya haƙa doguwar kwata ta zagaya harabar ta faɗa wani rami a baya, ya dasa jema a gefenta don ta riƙe ƙasa. A kwari ya sa giyayya da kanya da bagaruwa da goriba, masu iya tsayawa a ruwa. Ƙasar da ya haƙo kuma ya tara ta tudu-tudu, kowanne ya kai ƙugu, a kansu ya dasa darbejiya, don ya san in babu ita tsofaffi ba za su bar shi ya sha ruwa ba. Sannan ya kafa sabuwar doka, mai ɗaci: ba ganye. Ko ɗaya. Sai bishiyoyin sun wuce kan mutum.

Kai, ya sha magana! Ganye ya yi wuya a lokacin, don duk darbejiyar kwari ta mutu, ta bakin titi kuma waɗanda ruwa ya kora sun sassare ta sun yi girki. Tsohuwa za ta zo ta tsaya a kan ɗan dashe mai ganye kore shar, ta yi roƙo, ta yi magiya, ta haɗa shi da Allah. Ya ce a yi haƙuri. Damin wanka ɗaya zai tsiraita bishiya guda, kuma in ya ba ɗaya, me zai ce wa ta biyu? Wata ta tafi tana cewa, "Ba komai. Muna nan, za mu gani ranar da abin ya zo gidansa."

Abin kuwa ya zo gidansa, a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa.

Mardiyya, 'yarsa ta fari da ke aure a Jahun, ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya a asibitin nan, aka samu 'ya mace. Mahaifiyarta Asabe ta daɗe da rasuwa, don haka Ya Aisa ce ta ɗaura zane ta karɓi wankan. To ga inda gizo ke saƙa. Shu'ibu Bafillace ne na gaske, Mardiyya kuma 'yar fari. Tunda aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa, shi ma sai ya zama dole. Ranar da ta haihu, yana can bayan ɗakin magani yana juya taki, aka zo aka yi masa albishir, ya ce "Madalla" bai ɗago ba, kamar an ce masa an kawo wuta. Mutumin da ba ya iya faɗin sunanta, ta yaya zai tsaya a ƙofar gidan wani ya ce a taimaka masa da ganye 'yarsa za ta yi wanka? Surukinsa kuma, ai wannan ko haɗa ido ba sa yi. A gidansa kuwa babu bishiya ko ɗaya. Mutumin da ya raba wa gari dashe bai taɓa shuka wa kansa ba, kullum sai ya ce sai ya samu sarari.

Sai ya ɗauki keke. Daga sallar asuba ya miƙe hanyar Malam Madori, can nesa inda ruwa bai kai ba, ya yanko ganye, ya dawo ya ajiye a zaure ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Kafin ya iso asibiti rana ta take. Safe da yamma duk lokacin ban ruwa ne, tsakar rana kuma ba tsohon da zai tuƙa keke a zafin nan. Ruwan da ya zuba da hantsi, kafin ya juya ƙasa ta shanye. Ba a jima ba dashen ya fara sunkuyar da kai, ganyen ƙasa ya fara zuba. Sista Rahmatu ta tambaye shi ko lafiya, don ba a jin kukan baro da asuba. Ya ce lafiya lau. Gwiwarsa ta kumbura, yana ɗingishi, yana ɓoyewa. Arba'in kuwa da sauran nisa.

Sunusi ne ya ga abin da ya faru wata safiya, shi ya ba da labari. Ya ce gari bai gama wayewa ba ya ga Baba ya shigo yana jan ƙafa, ko keken bai iya hawa ba, turo shi ya yi. Bai nufi baro ba. Ya je gaban darbejiyar da ta fi kowacce girma, ya zaro wuƙa daga aljihu. Ya kama reshe. Ya saki. Ya zagaya ta, ya sake kamawa, ya ɗora wuƙar a kai. Sunusi ya ce shi dai ya ƙame a bayan ƙofa, don ya san in reshen nan ya faɗi, kafin azahar labari ya zaga unguwa, kafin magariba kuma ba sauran ganye a harabar. Can sai ya ga tsohon ya mai da wuƙar kube, ya share fuska da hannun riga, ya je ya jawo baro ya fara ban ruwa. Ranar ba a kai ganye gida ba.

Sunusi bai yi wata-wata ba, yana tashi daga gadi ya nufi wajen Ya Aisa. Ita ma a cike take, ta dafa ruwa ta leƙa zaure ba ganye. Da ta ji zancen sai ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ashe daga can yake kawowa? Da wannan ƙafar? Kai, fillanci bai yi ba! Mutum zai kashe kansa ya kashe bishiyoyinsa don kada ya buɗe baki!"

Ta yafa mayafi ta fita. Ba ta je wajensa ba, ta san ba abin da zai ce. Unguwannin tudu ta nufa, inda ruwa bai kwanta ba. Ita da ta yi wa rabin gari wanka, wane gida ne ba za ta shiga ba? Kuma a gida bayan gida, a tsakar gida ko a bayan ɗaki, ga darbejiya nan tsaye ta yi rassa, wadda aka kawo a ledar ruwa tana ɗan tsiro. Maza ba sa ganinsu don suna cikin gidaje, shi kansa Shu'ibu bai taɓa ganin ko ɗaya ba, labarinsu kawai yake tambaya.

Washegari ya dawo daga masallaci zai ɗauki keke, sai ya tarar da ƙofar gidansa ba wurin sa ƙafa. Ganye ne dami-dami, kore shar, da raɓarsa. Tsofaffin mata na zaune a dakali, wasu na isowa da nasu a ka. Cikinsu har da wadda ta ce za su gani ranar da abin ya zo gidansa. Wannan ta ce, "Daga bishiyar Misbahu." Waccan ta ce, "Ta Shamsiyya ce, ta fi ɗaki tsawo yanzu." Wata ta ce ɗanta ne ya kawo a babur tun daga Auyo, don a asibitin nan aka haife shi. Kuma ba ɓalle rassan aka yi ba, yanka aka yi, daidai inda yake yanka. Sun riga sun raba kwanaki a tsakaninsu, gida-gida, har ranar arba'in.

Baba Shu'ibu ya tsaya riƙe da keke. Ya dubi ganyen, ya dubi ƙasa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ikon Allah. Wa ya haihu?"

Matan suka kwashe da dariya, wasu na dariyar suna share hawaye. Ya Aisa ta miƙe, ta riƙe ƙugu.

"Ji shi! Wa ya haihu! Maƙwabta ne suka haihu, Fulata. Wuce ka ba 'ya'yanka ruwa, mu za mu ji da ta cikin gida."

Ya juya keke zai tafi, kunya ta ishe shi. Ta ce, "Tsaya. Ina za ka? Ka karɓi ganye." Ta sa hannu a ƙarƙashin mayafinta ta fito da ledar ruwa, da ɗan tsiro a ciki, wanda ta tono a gindin tata bishiyar. Ta miƙa masa a gaban kowa. "Ganye da dashe. Ba a raba su. Ko dokar ban da mai ita?"

Hannu biyu ya sa ya karɓa. Ba wadda ta ƙara tsokanarsa.

Ranar an ji kukan baro a kan lokaci. Dashen ya ɗago, ya tsallake bazara, 'yan kaɗan ne suka mutu ya maye gurbinsu. Da ruwan farko ya sauka, Alhaji Abdulmannan ya zo ya zagaya, ya ga ruwa na bin kwata yana wucewa, ya ce a bar zancen malalewa, 'yar siririyar hanya kawai za a yi daga ƙofa zuwa ɗakin haihuwa don masu ciki. Ruwa ya sake shigowa harabar bayan nan, ya kwana biyu ya fita, darbejiya na kan tudunta, giyayya na cikin ruwa tana jin daɗi. Yau duk sun wuce rufin asibitin. An ɗage dokar hana ganye, ta dashe kuwa tana nan daram, Sunusi ne zai karɓi baron da wuƙar. Mutanen makarantar da ke kusa da na masallacin Juma'ar unguwar duk sun zo sun ga yadda ake tudu da kwata, sun koma sun yi nasu.

Baba Shu'ibu, mun gode. Kai ne ka ga mata a rana ka kasa wucewa. Kai ne ruwa ya cinye maka aikin shekaru, ka ce laifinka ne, ka sake ɗaukar shebur da furfura a kanka. Kai ne ka mai da wuƙa kube ranar da ba wanda zai zarge ka in ka yanka. Iyayenmu sun zauna a inuwarka, matanmu sun zauna, 'ya'yanmu ma za su zauna. Allah Ya ba gwiwoyin nan lafiya, Ya sa inuwar da ka yi wa bayinSa ta tare ka ranar da ake neman inuwa.

Mu kuma da muka sha inuwar, kada mu tsaya a godiyar baki. Masu kula da makarantu da masallatai da asibitoci da maƙabartu, kafin ku kira mai siminti ku dubi abin da ƙasarku ke fitarwa da kanta. Mai shara, kada ka ƙona ganye. Mai alwala, duba inda ruwanka ke zuwa. Wanda aka yi wa haihuwa, ga ledar ruwa nan ko'ina a yashe, iri kuma kyauta ne. Kuma in akwai wani Shu'ibu a wurin aikinku, ku gaishe shi da sunansa tun yana jin gaisuwar.

Wanda ya bi ta ƙofar gidansa yanzu zai hango kan darbejiya ya leƙo ta saman katanga. Da yamma yakan zauna a gindinta da jikarsa Adila, wadda yake kira amaryarsa, suna faɗa a kan wa zai riƙe buta. Ita kam sunanta ba ya barin bakinsa. Kwanan baya Ya Aisa ta leƙo, ta same shi yana zuba wa bishiyar ruwa, ta ce, "To Fulata, wannan ta wace ce? Ta amaryar?"

Ya girgiza kai. Ya ci gaba da zuba ruwan, bai ɗago ba.

"A'a," ya ce. "Amarya na yi mata tata a bayan ɗaki. Wannan ta yarinyar nan ce. Tun ranar da aka haife ta ya kamata in shuka."